Gawa a Matsayin Shaida: Tushen Binciken Gawa da Nazarin Ƙasusuwa, Tare da Duban Ƙasar Ƙonni

1. Gabatarwa

Tsarnawa tana kimanin kilomita 15 gabas da Birnin Ƙonni, a daidai inda hanyar Tawa ta rabu da babbar hanya mai lamba 1 da ta haɗa Yamai da Damagaram. Mararraba ce ta manyan motoci, da fataken albasa, da ƴan ci-rani, da makiyaya masu sauka kudu bayan girbi. A wuri irin wannan ba abin mamaki ba ne a wayi gari da gawar da ba a san mai ita ba, ko gawar da aka san mai ita amma ba a san abin da ya kashe shi ba: a bakin kwalta, ko cikin rijiya, ko a gonar da aka yi rigimar ɓarna.

Manufar wannan maƙala ita ce bayyana tushen fannoni biyu da ke amsa tambayoyin da irin wannan gawa take tayarwa. Na farko shi ne likitancin shari'a, wanda ake kira médecine légale da Faransanci, musamman reshensa mai binciken gawa. Na biyu shi ne nazarin ƙasusuwa don shari'a, wato anthropologie médico-légale. Abin da muke son nunawa shi ne, a gundumomin Ƙonni da Malbaza da Illela, inda zafi yake da tsanani kuma ake gaggauta jana'iza, yawancin shaidar da gawa ke ɗauke da ita tana samuwa ko tana ɓacewa ne cikin sa'o'in farko, a hannun mutanen da ba ƙwararru ba. Saboda haka sanin tushen fannin bai kamata ya tsaya ga likitoci kaɗai ba.

2. Tambayoyi huɗu

Duk binciken mutuwa yana neman amsar tambayoyi huɗu: wane ne mamacin, yaushe ya mutu, me ya kashe shi, kuma ta wace fuska mutuwar ta zo. Ya kamata a bambance biyun ƙarshe, domin sau da yawa akan cakuɗa su. Sanadin mutuwa shi ne cuta ko raunin da ya jawo ta, misali sara a wuya. Fuskar mutuwa kuwa ita ce rukunin da shari'a ke sa ta: ta rashin lafiya, ko haɗari, ko kisan kai, ko kashe kai, ko wadda ba a tantance ba. Sanadi guda yana iya zuwa ta fuskoki dabam-dabam. Mutumin da ruwa ya ci a rijiya yana iya kasancewa santsi ne ya kwashe shi, ko shi ya faɗa da kansa, ko tura shi aka yi. Likita yakan iya tabbatar da sanadi, amma fuska ba ta tabbata sai an haɗa abin da gawa ta nuna da abin da wurin ya nuna da abin da shaidu suka faɗa.

A nan ne ma takardun shaidar mutuwa suke yawan yin rauni. Idan aka rubuta cewa zuciya da numfashi sun tsaya, ba a faɗi kome ba, domin kowace mutuwa da haka take ƙarewa.

3. Hukuma da addini

Kundin tsarin shari'ar laifuka da Nijar ta kafa a 1961 ya ɗauko asalinsa daga na Faransa, inda aya ta 74 ta tanadi cewa idan aka tsinci gawa, kuma ba a san sanadin mutuwar ba ko akwai shakka a kansa, jami'in bincike zai sanar da mai gabatar da ƙara na gwamnati, ya je wurin, kuma ana iya kiran wanda ya san aikin ya duba gawar. A karkara jandarmomi ne ke wannan aiki, su ne kuma ke miƙa wa likita ko malamin asibiti takardar umurnin dubawa. Rahoton yakan tafi babbar kotun Ƙonni. Ƙwararrun likitocin gawa kaɗan ne a ƙasar, kuma Yamai tana da nisan fiye da kilomita 400. Ke nan abin da akan samu a zahiri shi ne duban gawa daga waje, ba feɗe ta ba.

Akan ce Musulunci ne ya hana feɗe gawa. Maganar tana buƙatar gyara. Gaskiya ne an yi umurni da gaggauta jana'iza, kuma hadisi ya daidaita alfarmar ƙashin mamaci da ta mai rai. Amma fiƙihun Malikiyya bai rufe ƙofar ba: Muhtasar na Halil ya halatta buɗe cikin mamaci don fito da dukiya mai yawa da ya haɗiye, wato haƙƙin rayayye yana iya rinjayar alfarmar gawa. A 1976 majalisar manyan malaman Saudiyya ta halatta feɗe gawa don binciken laifi da gano annoba, kuma a 1987 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka ta bi wannan ra'ayi. Bugu da ƙari, babin ƙasama, wato rantsuwa 50 da magadan jini ke yi, ya ginu ne a kan lausu, alamar da ke ƙarfafa zato, kamar furucin wanda aka raunata kafin ya cika. Alƙalan ƙasar Hausa sun daɗe da sanin cewa jini ba ya tabbata sai da alama. Abin da kimiyya ta ƙara shi ne hanyar karanta alamar a jikin mamacin kansa.

4. Agogon gawa da yanayin Ƙonni

Akwai canje-canje huɗu da ake ƙiyasta lokacin mutuwa da su.

(a) Sanyin jiki. A ƙasashe masu matsakaicin yanayi gawa takan rage zafi da kimanin digiri 1 a kowace sa'a, har ta daidaita da iskar wurin. A kan wannan Henssge, likitan Jamus, ya gina jadawalinsa da ake aiki da shi a Turai. Sai dai a bazarar Ƙonni, cikin Afirilu da Mayu, zafin rana yakan wuce digiri 40, alhali jikin mutum 37 ne. Gawar da ke fili ba ta yin sanyi, ƙara zafi take yi. Wanda ya ɗauko lissafin littafi ya ɗora a nan zai ɓata.

(b) Kwanciyar jini. Da zuciya ta tsaya, jini yakan gangara zuwa sassan da ke ƙasa, ya sa fata ta yi duhu. Yakan fara bayyana cikin sa'a 1 zuwa 2, ya kafu bayan kimanin sa'a 8 zuwa 12. Amfaninsa babba ne: idan aka tarar da gawa rub da ciki amma jinin ya kwanta a baya, to an juya ta ko an ɗauko ta daga wani wuri. A baƙar fata ganinsa yana da wuya, don haka akan duba tafin hannu, da tafin ƙafa, da ƙarƙashin farce, da cikin leɓe. Launinsa ma shaida ne: ja wur yana nuna hayaƙin gawayi ko na janareto a rufaffen ɗaki, abin da kan faru da hunturu.

(c) Sandarewa. Takan fara daga muƙamuƙi da wuya cikin sa'a 2 zuwa 4, ta game jiki wajen sa'a 12, ta saki bayan kwana 1 zuwa 2. Zafi, da zazzaɓi, da gudu ko kokawa dab da mutuwa, duk suna gaggauta ta, suna kuma gaggauta sakinta.

(d) Ruɓa. Alamar farko ita ce kore-kore a gefen dama na mara, sannan kumburi da saɓulewar fata. Abin da kan ɗauki kwana 2 ko 3 a Turai yana iya faruwa cikin yini guda da damana. Casper, likitan Balin na ƙarni na 19, ya ƙiyasta cewa ruɓar mako 1 a fili daidai take da ta mako 2 cikin ruwa da ta mako 8 cikin ƙasa. Da hunturu kuwa, busasshiyar iska tana iya ƙeƙasar da gawa kamar ƙirgi, ta adana tabo da zanen fuska na tsawon watanni.

Idan kwanaki suka wuce, agogon da ya rage shi ne na ƙwari. Koren ƙuda yakan iso gawa cikin mintoci, ya yi ƙwai a ido da hanci da baki da bakin rauni. Girman tsutsa mafi tsufa yana nuna mafi ƙarancin kwanakin da gawar ta yi a wurin. Taron tsutsa a inda ba kafar jiki ba, kamar tafin hannu ko ƙirji, yana sa a zargi rauni. Mégnin ne ya tsara wannan ilimi a Faransa a 1894, amma tun 1247 Song Ci na ƙasar Sin ya ba da labarin wani kisa da aka gano bayan an tara laujunan mutanen ƙauye a rana, ƙudaje suka taru a kan guda ɗaya.

5. Karanta rauni

Raunin abu marar kaifi, kamar sanda ko dutse ko ƙarfen mota, iri uku ne: ƙujewa, da taruwar jini ƙarƙashin fata, da fashewar fata. Bakin fashewa ba ya daidaita, kuma akan ga zaruruwan nama sun gitta cikinsa. Raunin kaifi kuwa, na wuƙa ko takobi ko adda, bakinsa sumul yake. Idan tsawonsa ya fi zurfinsa yanka ne, idan zurfinsa ya fi suka ce. Wannan bambanci yana da nauyi a kotu, domin fatar kai idan sanda ta fasa ta takan yi kama da sara, kuma kuskure a nan yana iya ɗora laifi a kan mai adda alhali mai sanda ne. A raunin harsashi, mashiga takan zama ƙarama mai da'irar ƙujewa, mafita kuma ta fi girma a galibi. Baƙin hayaƙi ko ɗigon albarushi a kewayen mashiga yana nuna an yi harbin daga kusa. Yanka a tafin hannu ko karaya a damtse na nuna mamacin ya yi ƙoƙarin kare kansa.

Tambaya mafi muhimmanci ita ce ko raunin ya samu mutum yana da rai. Nama mai rai yakan zubar da jini cikin tsoka ya kumbura, na gawa kuwa ba ya yi. Mu ɗauki misalai uku da suka dace da yankin. Gawar da aka tsinta a kan kwalta: idan mota ta buge mutum yana tsaye, akan sami karaya a ƙwauri daidai tsayin gaban motar, da jini cikin naman wurin, idan gawa aka shimfiɗa don mota ta taka, raunukan ba su da wannan alama. Gawar da aka tsamo daga rijiya, ko daga madatsun Mozage da Zango na kwarin Majiya: farar kumfa mai laushi a hanci da baki tana nuna ya shaƙi ruwa yana numfashi, amma rashinta bai tabbatar da kome ba, sai an duba wuya da ƙoƙon kai, an kuma duba ido ko akwai ɗigon jini irin na shaƙewa. Na uku, maganin ƙwari irin na fiya-fiya da ake samu a kasuwa da garaken albasa: yakan sa ƙwayar ido ta tsuke, yawu da majina su yi yawa. Tabbaci sai an gwada jini da abin da ke ciki, don haka ajiye kwalbar da aka gani a wurin, da amai, da tufafi, ya fi duk wani zato.

6. Idan nama ya ƙare

A fili, karnuka da ungulu da tsutsa suna iya mayar da gawa ƙashi cikin ƴan makonni. Daga nan aiki ya koma hannun masanin ƙasusuwa, wanda ke bin matakai kamar haka.

Na farko, ƙashin mutum ne ko na dabba? Ƙasusuwan tunkiya da akuya da maraƙi sukan ruɗi wanda bai saba ba. Na biyu, mutum nawa ne? Baligi yana da ƙashi 206. Idan aka sami ƙashin cinyar dama guda 3, to aƙalla mutum 3 ne. Na uku, na yaushe ne? Ba kowane ƙashi ne na kotu ba. A Gobero, cikin Tenere, ayarin Paul Sereno ya gano maƙabarta a 2000, wadda ke da kaburbura kusan 200, mafi tsufa sun doshi shekara 10,000. A Bura, Boubé Gado na cibiyar binciken IRSH ya tono maƙabartar tuluna a 1983. Ƙonni kanta tana da nata matattun tarihi, tun daga kisan gillar da rundunar Voulet da Chanoine ta yi a Mayun 1899. Ƙashin da magina suka ci karo da shi yana iya zama na bara, yana iya zama na wancan zamani. Gwajin kabon 14 yana rarrabewa, musamman da yake gwaje-gwajen makaman nukiliya a sararin sama, daga tsakiyar shekarun 1950 zuwa 1963, sun bar alama a jikin duk wanda ya rayu bayansu.

Mataki na huɗu shi ne siffanta mamacin. Jinsi ana gane shi da ƙashin ƙugu, wanda a mace ya fi faɗi da buɗewa saboda haihuwa. Dacewar wannan hanya ta wuce kashi 90 cikin 100. Ƙoƙon kai yana biye. Ƙashin yaron da bai balaga ba kuwa ba ya nuna jinsi. Shekaru a wajen yara haƙora ne ke faɗa: haƙoran yarinta 20 ne, turmin farko na dindindin yana fitowa wajen shekara 6 lokacin da ake fara famfara, na biyu wajen 12, na ƙarshe daga 17 zuwa sama. Kawunan dogayen ƙasusuwa suna haɗewa da gangar ƙashin a lokacin balaga, kuma na ƙarshen haɗewa shi ne kan ƙashin nan da ya gitta daga ƙirji zuwa kafaɗa, wanda kan kai kusan shekara 30. Bayan haka ƙiyasi yakan yi faɗi, har tazarar shekara 10 ko fiye. Tsayi ana lissafa shi daga ƙashin cinya, wanda ya ɗan zarce rubu'in tsayin mutum. A nan akwai abin lura ga masu bincike na jami'o'inmu: jadawalin Trotter da Gleser na 1952 da 1958, wanda aka fi aiki da shi, an gina shi ne a kan ƙasusuwan Amurkawa da sojojinsu. Ɗora shi a kan Ba'adare ko Bafillace ko Buzu yana buƙatar taka-tsantsan, kuma auna mutanen Sahel don gyara shi aiki ne da ɗalibin digiri na uku zai iya ɗauka.

Mataki na biyar shi ne rauni. Karayar da ta warke tana da ƙulli, kuma ɗorin maɗori da ya karkace alama ce da dangi za su iya shaidawa. Ɗanyen ƙashi idan ya karye a lokacin mutuwa, bakinsa yakan yi kaifi, launinsa ɗaya da sauran ƙashin. Busasshen ƙashin da fartanya ta fasa daga baya kuwa, bakinsa ya fi fari kuma yana marmashewa.

7. Gane mamaci

A Turai an dogara ga zanen yatsa, da takardun likitan haƙori, da gwajin ƙwayar halitta ta ADN, wanda Alec Jeffreys ya gano hanyarsa a Ingila a 1984. Da irin waɗannan hanyoyi aka gane da dama daga cikin mutum 170 da suka mutu a jirgin UTA da ya tarwatse a saman Tenere ranar 19 ga Satumba 1989. Manomin Tsarnawa ba shi da takardar haƙori. Amma yana da abin da wanzami ya zana a fuskarsa, da tabon ƙaho da na sakiya, da laya da guru, da ɗinkin rigarsa. Waɗannan ba su kai gwajin ADN ƙarfi ba, sai dai idan aka rubuta su aka ɗauki hoto kafin binnewa, sukan isa dangi su gane nasu.

Abubuwa biyu da suka faru a ƙasar nan suna nuna nauyin lamarin. A Oktoban 2013 an tsinci gawa 92 a hamada arewa da Arlit, kusa da iyakar Aljeriya: yara 52, mata 33, maza 7, yawancinsu daga yankin Kance. A can aka binne su, nesa da danginsu. A Satumban 2020 kuma, hukumar kare haƙƙin ɗan Adam ta ƙasa ta wancan lokaci ta ba da rahoton gano gawa 71 cikin kaburbura 6 a yankin Inates, ta ɗora alhakin a kan wasu jami'an tsaro, hukumomi kuma suka musanta. A irin wannan jayayya abin da ke rabe gaskiya shi ne yadda aka tono, da abin da aka rubuta, da wanda ya riƙe kayan shaida daga hannu zuwa hannu. Don haka ne Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar da ƙa'idojin Minesota a 1991, aka sabunta su a 2016, bisa gogewar masana irin su Clyde Snow da ƙungiyar masu nazarin ƙasusuwa ta Ajantina da aka kafa a 1984.

8. Kammalawa

Daga abin da ya gabata za a ga cewa ƙasar Ƙonni tana da matsaloli uku: zafi mai gaggauta ruɓa da ɓata lissafin littattafan Turai, jana'iza cikin yini guda, da nisan ƙwararru. Babu ɗaya daga ciki da za a kawar nan kusa, kuma ba a buƙatar jinkirta sutura da kwanaki. Abin da ake buƙata bai wuce sa'a 1 ba, tsakanin tsintar gawa da wankanta, domin wanka yana tafiya da albarushi, da ƙasa, da abin da ke ƙarƙashin farce.

Cikin wannan sa'a ana iya ɗaukar hoton gawa yadda aka tarar da ita kafin a taɓa ta. A rubuta lokaci da zafin wurin. A gwada sandarewar muƙamuƙi da gwiwar hannu da gwiwa. A duba inda jini ya kwanta. A auna kowane rauni da ma'auni, a faɗi wurinsa da siffarsa ba tare da yanke hukunci ba. A ajiye tufafi cikin takarda, ba leda ba, don kada su ruɓe. A tsinci tsutsa mafi girma a zuba cikin alkol. A sa wa kabarin baƙo lamba a rubuta ta cikin rajistar magajin gari. Idan ƙasusuwa ne, kada a kwashe su cikin buhu: a killace wurin, a bar su yadda suke.

Akwai kuma rukunin mutanen da ba a cika tunawa da su ba, wato masu wankan gawa, maza da mata. Su ne na ƙarshe da ke ganin jikin mamaci gaba ɗaya, kuma al'ada ta hore su da rufa asirin abin da suka gani. Yadda za a daidaita wannan amana da haƙƙin wanda aka kashe, tambaya ce da ta shafi malaman fiƙihu da na shari'a da na nazarin al'umma tare. Haka nan kalmomin da muka yi amfani da su a nan, irin su kwanciyar jini da fuskar mutuwa, shawara ce muka kawo, kuma muna fatan masu nazarin harshe da malaman asibiti za su tace su, domin a sami takardar duban gawa ta Hausa da Faransanci wadda jandarma da likita da maigari za su fahimta daidai wa daida.